Tabon da ke Hannun Dama

Duk wanda ya taɓa sayayya a kantin abinci na Sandy Fork ya san layin Glenda Tackett mai karɓar kuɗi, kuma in yana da wayo ya san ya kauce masa. Layinta ne ba ya tafiya. Sai ta buɗe kwalin ƙwai ta leƙa, ba don ta ga ko akwai fasasshe ba, a'a, don ta ga ko ka cusa batir a ciki. Sai ta miƙe ta duba ƙasan keken sayayyarka. In ka miƙa mata kuɗin takarda sai ta ɗaga sama ta haska a fitila, ko da kai ne faston da ya ɗaura mata aure. Ta kuwa yi wa faston, a gaban matarsa. Mun sha zaginta a bayan ido, amma mai kanti bai taɓa tunanin sallamarta ba, don ko alawa ba ta taɓa fita ta layinta a ɓoye ba.

Ba haka ta taso ba fa. Waɗanda suka yi makaranta tare da ita sun ce yarinya ce mai dariya har da hawaye, wadda in ka ce mata kogin Ohio ya ƙafe za ta zura takalmi ta tafi gani. Ta auri wani direban babbar mota, ya kai kaya Tennessee wata bazara, ya ga wata a can, ya manta hanyar gida. Ya bar ta da yara biyu, Darrell da ƙanwarsa Misty. Ko wannan bai taurara ta ba. Ta yi kukanta, ta share ido, ta nemi aiki a kanti. Abin da ya mai da Glenda yadda muka san ta yau, Darrell ne.

Darrell rufin gidaje yake yi. Ya zamo daga kan wani rufi, baya ya samu matsala, likita ya rubuta masa ƙwayar kashe ciwo. Sauran labarin babu gidan da bai san shi ba a garin nan: ƙwaya ta ƙare, jiki bai ƙoshi ba, aka koma saye a ɓoye, daga nan sai allura. To a nan ne kan Glenda ya ɗaure. Darrell, ƙato guda mai gemu, tun yana yaro in ya ga allura sai ya sulale ƙasa. In an je rigakafi sai ta rungume kansa ta juya shi ta ce, "Kalli taga, Darrell. Faɗa mini, me ka gani?" Shi kuma ya yi ta lissafi da muryar kuka, ga mota, ga kare, ga wata mata da laima, har a gama. Ya girma bai canza ba.

A shekararsa ta ƙarshe ba ya barin kowa ya shiga ɗakinsa sai Misty. Glenda kan dawo daga aiki ta jiyo su ta bayan ƙofa, Misty na cewa, "Kalli taga, me ka gani?" shi kuma yana ba ta amsa ƙasa-ƙasa. Takan tsaya da ledar cefane a hannu ta yi murmushi, ta ce a ranta wa da ƙanwa ne ke tsokanar juna da abin yarinta. Shi kaɗai ne abu mai daɗi da ta riƙe daga wannan shekarar.

Wata rana da safe aka same shi a ɗakinsa, ya riga ya yi sanyi. A asibiti da aka yaye mata zanen da aka rufe gawarsa da shi, ba fuskarsa ta tsaya kallo ba, hannuwansa ta juya. Tabon allura duk a hannun dama suke, a jere, tsaf-tsaf a kan jijiya, sai guda ɗaya sabo a hagu, ya kumbura ya yi baƙi. Darrell kuwa ba bahago ba ne. Mai aiki da dama ba ya soka wa kansa allura a dama, balle wanda ko kallonta ba ya iyawa. Wani ke yi masa ke nan. Tun daga ranar Glenda take neman wannan mutumin, kuma ba ta yi nisa ba ta tsaya a kan Lonnie Ratliff, abokinsa na ƙut da ƙut, wanda kowa ya san shi ma yana cikin harkar ƙwaya a lokacin. Ranar jana'iza ta kore shi daga coci a gaban jama'a. Ya ɗauki hularsa ya fita, ko uffan bai ce ba, ita kuwa ta ɗauki shirun a matsayin amsa laifi.

Ta dawo gida ta tattara duk wata allura, har ta ɗinki, ta zuba a shara. In maɓalli ya cire sai dai a yar da rigar. Likitanta ya yi ta fama ta bari a ɗebi jininta a auna sukari, ta ce ya je ya auna nasa. In tana wanke-wanke sai ta juya kowane cokali ta duba gindinsa ko akwai baƙin wuta, irin na masu narka ƙwaya a cokali. A jakarta, tsakanin makulli da ƙwayar hawan jini, akwai maganin nan na fesawa a hanci da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta kwantar. Misty kaɗai ta rage mata a duniya, kuma ta rantse ba za a sake yaye mata zanen gawa a asibiti ba.

Misty a gidan kula da tsofaffi take aiki, tana yi musu wanka, tana juya su a gado, tana kwasar abin da 'ya'yansu ba za su iya kwasa ba. Lokacin annoba, da kowa ya kulle kansa a gida, uwa da 'ya kullum suna bakin aiki. Aka kafa allo a bakin titi aka rubuta wai jarumai ne, aka raba musu abinci mai sanyi a kwali, shi ke nan. Bayan abin ya lafa sai ga wata mata daga kwalejin gari da ke kan tudu ta kafa tebur a bakin ƙofar kanti, da birori da alawa a kwano. Wai akwai tallafin karatu ga irinsu: masu karɓar kuɗi a kanti, masu shara a asibiti, masu kula da tsofaffi, direbobin bas. Gajeren kwas na 'yan watanni, walda ko gyaran wuta ko aikin asibiti, ka fito da takardar shaida. Kuɗin makaranta da littafi, har da man mota, duk an biya.

Earlene ta sashen nama, ƙawar Glenda in har tana da ƙawa, ta dawo daga teburin tana washe baki.

"Ke Glenda, kyauta ne fa! Ni walda zan yi, in huta da ƙarnin kaji."

"Kyauta? Ke da girmanki? Duk wanda ya kafa tebur ya zuba alawa, akwai abin da yake so a jikinki."

"Me za su samu a jikina, ni da ko haƙoran kirki ba ni da su?"

"Yau ki sa musu hannu, baɗi su zo su ja motarki. Ƙwayar Darrell ma, ta farko kyauta aka ba shi ya gwada."

Earlene ta koma wurin namanta, don ba a ja da Glenda in ta ambaci Darrell. Da yamma suna cin wake da burodin masara, Glenda ta ba Misty labarin, ta ƙara da cewa duk wanda ya taka tudun nan sakarai ne. Misty ta ci gaba da juya wake a kwano, ba ta ɗago ba.

Ba a jima ba abubuwa suka fara canzawa, kuma Glenda ba ta buƙatar a nuna mata, ta riga ta taɓa ganin irinsu. Ana tsakiyar Yuli, zafi har kare ba ya haushi, amma Misty riga mai dogon hannu take sawa. Wayarta kullum a kife. Duk Asabar da safe ta fita wai an ƙara mata aiki, amma in ta dawo Glenda ta rungume ta da gangan ta shinshina, babu warin maganin goge ƙasa da kullum take dawowa da shi daga wurin tsofaffi. Wata rana Misty ta miƙa hannu za ta ɗauko gwangwanin kofi a saman kanta, hannun riga ya zame. A lanƙwasar gwiwar hannu ga shatin jini ya kwanta, shuɗi-shuɗi, da 'yan ɗigo a tsakiya.

Glenda ta ƙura wa wurin ido. Ta dafa tebur.

"Me ya same ki a hannu?"

"Wata tsohuwa ce ta damƙe ni, Mama. Kin san su da ƙarfin tsiya." Ta ja hannun rigar ta rufe.

Glenda ba ta ƙara tambaya ba, don ta koya a kan Darrell cewa tambaya ƙarya kawai take haifarwa. Ta jira Misty ta shiga wanka ta zazzage jakarta a kan gado. Ga auduga, ga filasta, ga wata robar ɗaure dantse, shuɗiya. Ba ta ga allura ba, amma me ya rage? Ta mai da komai yadda yake, ta zauna a ƙasa ta toshe baki da hannu biyu don kada kukan ya kai banɗaki. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ke sa mutum fitsari.

Asabar ta zagayo. Glenda, wadda ba ta taɓa fashin aiki ba, ta buga wa mai kanti waya ta ce zawo take yi. Ta ɓoye motarta a bayan coci ta sa ido. Sai ga Misty ta tako da ƙafa har gidan mai, ta waiga hagu ta waiga dama, ta buɗe wata tsohuwar akori-kura ta shige. Motar Lonnie Ratliff! An ce ya daina tuntuni, wai yanzu shara yake yi a asibiti, amma wa zai faɗa wa Glenda wannan? Ta ce da ƙarfi, ita kaɗai a mota, "Ka ci ɗaya bai ishe ka ba, la'ananne!" Ta zaro maganin hanci ta ajiye a cinya ta bi su.

Ta zaci ƙarƙashin gada za su nufa, matattarar 'yan ƙwaya. Sai ta ga sun haura tudu sun shige harabar kwalejin. Ta ce lalle, wayo ke nan, wa zai neme su a nan? Suka shiga wani dogon gini, ta bi su da tazara. A baranda ta ci karo da wata mata sanye da rigar fata da hular walda, matar na ganin ta sai ta sauke murfin hular ta juya ta fuskanci bango.

"Earlene, na san takalminki," in ji Glenda, ba ta ko tsaya ba.

Ta leƙa ɗaki ɗaya, ta leƙa na gaba. A na can ƙarshe ta hango su ta gilashin ƙofa. Lonnie na zaune ya miƙe hannu, an ɗaure masa dantse da shuɗiyar roba, Misty ta sunkuya a kansa da allura. Glenda ba ta san lokacin da ta banke ƙofar ba.

"Ajiye ta! Misty, ajiye ta, don Allah don girman Allah! Kai kuma, munafuki, yau sai na kashe ka!"

Ta kai wa Lonnie duka da jaka, makulli ya tarwatse a ƙasa. Sai a lokacin ta lura ɗakin cike yake da mutane, biyu-biyu, kowa da roba a dantse. Ga direban bas na makarantar yara, ga yarinyar da ke soya kaji a bakin titi, ga wata da ta sani a kantin magani, duk sun saki baki suna kallon ta. Wata gajeriyar mata mai furfura da farar riga ta tako a hankali ta tsaya tsakaninta da Lonnie.

"Baiwar Allah, ni ce Malama Prater, ajina ne wannan. Ɗiban jini nake koya musu. Ke ce mahaifiyar Misty?"

"Ɗiban jini?"

"Irin wanda ake yi a asibiti a kai awo. Sun gama da hannun roba, yanzu a jikin juna suke koyo. Dubi hannuwansu, kowa ya sha suka."

Direban bas ya naɗe hannun riga ya nuna mata nasa, ya fi na Misty muni. "Aikin wannan ce," ya ce yana nuna mai soya kaji. "Ta zaci cinyar kaza ce."

Aka yi 'yar dariya, Glenda ba ta yi ba. Ta ɗauki wata 'yar kwalba daga tire ta ɗaga sama ta haska a fitila. Babu komai a ciki. Ta buɗe kwalin allurai ta leƙa, ta sunkuya ta duba ƙasan tebur.

"Ku me za ku samu?" ta tambayi malamar.

"Asibitin gari ba shi da masu ɗiban jini. Tsofaffi na yin tafiyar rabin yini don a soka musu allura guda. Abin da za mu samu ke nan."

"Haka kuka ce."

Misty na tsaye da safar roba a hannu, fuskarta ta yi ja, idonta ya ciko. "Kin zazzage mini jaka, ko? Na ga audugar a juye."

"Na zazzage."

"Ba ki tambaye ni ba."

"Na tambaye ki, kika ce tsohuwa ce. Darrell ma na tambaye shi, ya ce ba komai."

"To da na ce miki allura nake koyo, a makarantar da kika ce ta sakarkaru ce, a motar Lonnie, me za ki yi? Gidan da ko maɓalli ba a ɗinkewa!"

Glenda dai ba ta yarda ba tukuna. Ita abin da ba ta taɓa da hannunta ba, ba ta gaskata shi. Ta yi wa Lonnie nuni da haɓa ya tashi, ta zauna a kujerarsa, ta naɗe hannun rigarta na dama.

"Yi mini in gani."

"Mama, ke fa ba kya..."

"Na ce yi mini in gani."

Malama Prater ta leƙa hannun ta girgiza kai. "Kai, wannan jijiya ta ɓuya. Amma kin faɗa hannu na gari. Tun da nake koyarwa ban taɓa ganin irin 'yarki ba. Kowa sai ya yi ta lalube, ita ranar farko ta samu. Ko hannun Lonnie da jijiyoyinsa suka lalace, sau ɗaya take shiga. Sai ka ce ta shekara tana yi."

Misty ta ɗaure robar, ta shafa wurin da auduga mai sanyi, ta danna da yatsa. Gumi ya keto wa Glenda, ta kasa ɗauke ido daga kan allurar. Misty ba ta ko ɗago ba, hankalinta duk yana kan jijiya, bakinta ya faɗi abin da ya saba.

"Kalli taga. Faɗa mini, me kika gani?"

Allurar ta shiga, ko zafi babu. Amma Glenda ta san muryar nan, da irin saukar da take yi a ƙarshe. Ita ce take ji ta bayan ƙofar Darrell, tana tsaye da ledar cefane tana murmushi. Ta tuna tabon nan a jere, tsaf-tsaf a kan jijiya, aikin hannun da ba ya kuskure. Ta juyo ta kalli 'yarta, Misty ta ɗago, ta ga uwarta ta gane. Can gefe Lonnie ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, kamar yadda ya yi a coci.

"Ke ce," in ji Glenda, a hankali yadda ba wanda zai ji.

Hannun Misty bai motsa ba, don allura na cikin jijiya, amma hawaye na ɗiga a kan safarta. "In ban yi ba ƙarƙashin gada zai tafi, Mama, su yi masa da wadda kowa ya taɓa. Na ce gara a gida, ina kallon numfashinsa."

"Na hagun fa?"

"Ranar na ƙi. Na ce masa na gaji, na daina, na tafi aiki." Muryarta ta karye. "Shi ya yi da kansa."

Jini na ta hawa cikin kwalbar. Shekara da shekaru Glenda na neman mutum ɗaya, ta tanadar masa zagi da tsinuwa da ba ta taɓa furtawa ba, ga shi yau ta same shi yana riƙe da hannunta. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta san in ta fizge hannun nan ta tashi, Misty ba za ta sake kwana a gidanta ba, kuma ba sai an kira ta asibiti an yaye mata zanen gawa ba, ta rasa ta ke nan. Misty ma ta sani. Ta tsaya tana jira, auduga a ɗaya hannun.

Glenda ta bar hannunta a inda yake. Ta juya kanta a hankali ta kalli taga.

"Ina ganin motar Lonnie," ta ce. "Ya ajiye ta a karkace, kamar kullum. Ga Earlene can ta fito shan taba da hular walda a ka. Ga wani kare."

"Sai me kuma, Mama?"

"Ga bishiya. Ci gaba da aikinki, ban gama ba."